Ɓawon Foraminifera da Matsalar Rarraba Su



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau wasu ƙananan halittu ne na teku waɗanda mafi yawanmu ba mu taɓa gani ba, ko da yake da dama daga cikinmu muna kwana a ɗakunan da aka gina da su. Duk wanda ya taɓa sayen buhun simintin Sakkwato, to, a cikin abin da ya biya kuɗinsa akwai ɓawon waɗannan halittu, an ƙone shi an niƙa. Sunansu foraminifera. Ba su da suna a Hausa, kuma ba laifin Bahaushe ba ne, domin yawancinsu ba su kai girman ƙwayar gero ba, ba a ganin siffarsu sai da madubin likita. Sunan ya fito ne daga kalmomi biyu na Latin, ma'anarsa masu kafofi, saboda 'yan kafofin da ke haɗa ɗaki da ɗaki a cikin ɓawonsu.

Kowace ɗaya daga cikinsu ƙwayar rai ce guda ɗaya tak, ba ta da kai, ba ta da ciki, ba ta da ido. Amma tana gina wa kanta gida, kuma sau da yawa gidan yana da ɗakuna da dama, da ƙofa wadda take fito da wasu sirara-siraran zare ta nan domin kama abinci da jan jiki. Idan ta mutu, naman ya ruɓe, gidan ya saura a ƙasan teku, laka ta binne shi, a kwana a tashi ya zama wani ɓangare na dutse. Irin waɗannan gidaje da aka bari su ne abin nazarinmu. Mafi tsufansu sun haura shekara miliyan 500. Ire-iren da aka sa wa suna daga cikin duwatsu sun kai wajen dubu 40, waɗanda ke raye a yau kuwa kusan dubu 9. Ka ga ke nan wanda zai yi aiki da taro mai yawa haka, tilas ya sami hanyar kasa su dangi-dangi, in ba haka ba ya ɓata. Tambayar da zan bi da ku a kanta ita ce: da me za a kasa su? Da tsarin ɗakunan gidan, ko kuwa da abin da aka gina bangon da shi? Masana sun yi kusan shekara 200 suna kai da kawowa a kan wannan tambaya.

Mutanen da suka fara lura da su ba su san abin da suka gani ba. Duwatsun da aka gina manyan dalar Giza da su a Masar cike suke da wani irin foraminifera mai girma, faffaɗa kamar kwabo, wanda ake kira Nummulites, watau ɗan sulalla. Wani Bagirke masanin ƙasashe mai suna Strabo, da ya ziyarci wurin kimanin shekara 2,000 da suka wuce, ya rubuta cewa mutanen wurin sun gaya masa wai ragowar adas ne, abincin maginan dalar, ya zube ya zama dutse. Wanda ya fara tsara su a ilmance wani Bafaranshe ne, Alcide d'Orbigny, wanda ya tashi a bakin teku yana tankaɗe yashi tun yana yaro. A shekarar 1826 ya sa musu sunan da muke kiransu da shi, ya kuma sassaƙa siffofinsu wajen ɗari, manya-manya, domin waɗanda ba su da madubi su gani. Sai dai ya yi kuskure ɗaya babba: da ya ga ɗakunansu a naɗe, sai ya zaci ƙananan dangin dorinar ruwa ne masu ɓawo. Félix Dujardin ne ya gyara wannan a 1835, bayan ya zauna ya kalli masu rai, ya ga babu komai a cikin ɓawon sai ɗan nama mai yauƙi.

D'Orbigny ya kasa su ne bisa tsarin ɗakuna, kuma wannan shi ne abin da ido ke fara kamawa. Akwai mai ɗaki ɗaya, kamar tulu ko kamar bututu. Akwai wadda ke jera ɗakunanta a layi guda kamar carbi, da wadda ke jera su layi biyu suna sarƙe da juna kamar kitso, da mai layi uku. Akwai wadda ke naɗe su a shimfiɗe kamar faifai, akwai wadda ke naɗewa tana hawa kamar katantanwa. Akwai kuma wasu da kowane sabon ɗaki dogon bututu ne mai kewaye rabin gidan, kamar yadda ake naɗa zare a mazari. Tsari ne mai sauƙin koyarwa, har yau da shi ɗalibi ke farawa.

To, amma ba a jima ba sai matsala ta ɓullo. Aka riƙa samun biyu masu tsarin ɗaki iri ɗaya sak, amma ɗaya bangonta na yashi ne, ɗayar kuma na farar ƙasa mai sheƙi. Alal misali, Textularia da Bolivina duk kitson layi biyu suke yi, amma da ka duba bangon ka san ba magini ɗaya ba ne. Saboda haka a shekarun 1850 da 1860 masana a Ingila da Ostiriya, irin su Williamson da Reuss da Carpenter, suka karkata ga bango. Hujjarsu, in na fassara ta da misalin gida, ita ce: kowa na iya zana gida mai zaure da ɗaki biyu, amma iya sarrafa laka ko iya zuba kankare sana'a ce da ake gada. A ganinsu, kayan gini sun fi tsarin gida nuna asali.

Bari mu ɗan dakata a kan bangon nan, domin nan ne abin mamakin yake.

Mafi sauƙi shi ne bango mai laushi kamar fata, wanda halittar ke fitarwa daga jikinta. Wannan kamar rumfar zana yake, ba ya daɗewa bayan mai shi, da ƙyar ake samunsa a dutse. Ba zan tsaya a kansa ba.

Na biyu shi ne bangon liƙi. Halittar tana tsinto ƙwayoyin yashi, ko ɓurɓushin ɓawon wasu, ta jera su, ta liƙe da wani ɗanko daga jikinta, wani lokaci kuma da farar ƙasa. Da yawa cikinsu abin da suka tarar shi suke ɗauka. Amma akwai masu zaɓe. Wata ba ta ɗaukar komai sai ƙwayoyi masu girma ɗaya. Wata mai suna Technitella takan bi cikin laka tana tsintar 'yan allurorin da ke jikin soson teku kaɗai, ta jera su daki-daki. Ku tuna fa, wannan ƙwayar rai ce guda ɗaya, ba ido, ba hannu. Na sha nuna wa ɗalibai wannan a madubi, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗago kai bai ce komai ba. Mafi tsufan foraminifera da aka samu a duwatsu masu bangon liƙi ne, kuma har gobe suna nan. Sun fi kowa jure wahala. A can ƙasan teku, inda zurfi ya wuce kilomita 4 ko 5, ruwan yakan narkar da farar ƙasa, saboda haka su kaɗai ke saura. Haka kuma a bakin kogi da fadamun gaɓar teku, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, su ne ke da rinjaye. Ku riƙe wannan, za mu koma kansa idan mun zo Sakkwato.

Sauran duka da farar ƙasa suke gini, watau sinadarin da masana ke kira kalsait, wanda suke tatsa daga ruwan teku. Amma hanyar ginin ta bambanta. Akwai tsohon salo na ƙananan ƙwayoyi cunkushe, wanda idan an yanka dutsen siriri an haska shi sai a ga bangon ya yi duhu. Masu wannan salo su ne dangin fusulina, masu kama da ƙwayar alkama, waɗanda suka cika tekunan duniya a wani zamani, sa'an nan suka ƙare ƙaf kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce, a cikin halaka mafi girma da ta taɓa auka wa halittun teku.

Sai bangon tangaran, na dangin miliyola. Fari ne fat, mai santsi, ba huji ko ɗaya a jikinsa. Dalilin farinsa shi ne, halittar tana ƙera wasu 'yan sanduna na kalsait a cikin jikinta, sa'an nan ta kwaso su ta zuba a inda bangon zai tsaya, kowane ya kwanta ta fuskar da ya ga dama, daga baya ta lulluɓe da wani siririn shafe. Haske in ya shiga sai ya warwatse, bangon ya fito fari. Wannan shi ne mai buga tubali a gefe ya ɗauko ya yi gini. Dangin nan sun fi son ruwa marar zurfi, mai ɗumi, mai gishiri da yawa.

Na ƙarshe, wanda ya fi yawa a tekunan yau, shi ne bangon gilashi, na dangin rotaliya. A nan halittar takan fara shimfiɗa wata siririyar fata mai siffar sabon ɗakin, sa'an nan kalsait ya daskare a jikin fatar nan take, ciki da waje, kamar mai kafa katako ya zuba kankare. Bangon yakan fito garau, haske na ratsa shi, kuma cike yake da ƙananan huji. Wani abu kuma da ya kamata ɗalibi ya lura da shi: duk lokacin da aka ƙara sabon ɗaki, sai an sake yaɓe tsofaffin ɗakunan da ke waje gaba ɗaya. Mai gidan laka ya san wannan aiki. Saboda haka ɗakin farko ya fi kowane kaurin bango, kuma in an yanka ɓawon za a ga yaɓen hawa-hawa. Nummulites na Masar daga wannan dangi suke. Haka kuma masu shawagi a saman ruwa, irin su Globigerina, waɗanda suka ɓullo a zamanin Jurasik. Waɗannan masu shawagi ire-irensu masu rai ba su wuce wajen 50 ba, amma saboda yawan adadinsu, ɓawonsu ya rufe wani babban yanki na ƙasan tekunan duniya. Akwai 'yan tsirarun da ba su shiga ko ɗaya cikin waɗannan ba, masu gini da aragonait ko da sinadarin ƙanƙarar dutse, amma ba sai mun bi su ba.

Wannan rabo na bango shi ne wani mutum da matarsa, Alfred Loeblich da Helen Tappan, suka kafa a babban littafinsu mai juzu'i biyu na 1964, inda suka yi manyan rukunoni biyar. A 1987 suka faɗaɗa su zuwa goma sha biyu. Duk wanda ya koyi wannan fanni a jami'o'inmu, da wannan tsari aka yaye shi.

Wani zai ce, mene ne ruwan ma'aikacin gwamnati da bangon abin da bai kai gero ba? Amsar tana cikin rijiya. Idan ana haƙa rijiyar mai ko ta burtsatse mai zurfi, bakin injin yana niƙe dutsen ne, abin da ke fitowa sama tsakuwa ce da laka. Ƙashi ko babban ɓawo ba ya fitowa lafiya. Amma cikin cokali guda na wannan laka ana iya samun ɗaruruwan foraminifera ba ko ƙwarzane. Tun da kowane zamani yana da nasa ire-iren, wanda ya san su zai iya cewa wannan shimfiɗar dutse ta rijiyar nan ita ce waccan ta rijiyar can, ko da zurfinsu ya bambanta. Józef Grzybowski ne ya fara yin haka a rijiyoyin man Folan a shekarun 1890, sa'an nan Joseph Cushman na Amurka, wanda ya buɗe ɗakin bincikensa a 1923, ya mai da shi sana'a. Da wannan hanya aka daidaita shimfiɗun duwatsun yankin Neja Delta. Kuskuren suna a nan ba kuskuren takarda ba ne kawai. In aka ɗauki wata a matsayin wata, sai a ba dutse shekarun da ba nasa ba, a ci gaba da haƙa inda ya kamata a tsaya, kuɗin jama'a su bi rami.

Yanzu mu zo gida. Ƙasar Sakkwato da kudancin Nijar kwari ɗaya ne a wajen masana duwatsu, kuma teku ya shigo shi daga arewa, ta cikin inda Sahara take a yau, fiye da sau ɗaya. A Dukamaje akwai shimfiɗar laka mai kimanin shekara miliyan 70, wadda ta shahara da ƙasusuwan manyan dabbobin ruwa. Idan aka jiƙa wannan laka aka wanke ta a rariya, mafi yawan foraminifera da ke saura masu bangon liƙi ne. Farfesa Sunday Petters, wanda ya yi nazarin waɗannan duwatsu a shekarun 1970, ya sa wa wata sunan Haplophragmoides hausa, wata kuma ya sa mata sunan garin Taloka. Rinjayen masu liƙi, ga kuma ƙarancin masu shawagi, yana gaya mana cewa ba buɗaɗɗen teku ba ne, ruwa ne marar zurfi wanda gishirinsa bai daidaita ba.

A sama da wannan akwai shimfiɗar Dange, sa'an nan farin dutsen Kalambaina, mai shekara miliyan 56 zuwa 60, wanda masana'antar siminti ke fasawa tun 1967. Irinsa ne kuma ake fasawa a Malbaza ta Nijar. A nan labari ya sake. Masu bangon gilashi da na tangaran ne suka cika shi, kuma a cikinsu akwai wata faffaɗa 'yar dangin Nummulites, wadda tsofaffin littattafai ke kira Operculinoides bermudezi, na baya kuma Ranikothalia bermudezi. Irin waɗannan faffaɗan suna zama ne da ƙananan tsirran ruwa a cikin jikinsu, tsirran kuwa suna bukatar hasken rana. Saboda haka samunsu shaida ce cewa Kalambaina ta taɓa zama ƙarƙashin teku mai ɗumi, garau, wanda rana ke kaiwa ƙasansa. Ku dubi sunan ma kawai: Ranikot wuri ne a Fakistan, Bermúdez kuwa masani ne ɗan Kuba, kuma a Kuba aka fara bayyana irin. Daga sunan nan kaɗai ana iya gane nisan inda ruwan Sakkwato ya haɗu da shi. Ko wannan teku ya zarce kudu har ya sadu da na Gini, wannan muhawara ce da masana suka daɗe suna yi, kuma kwatanta ƙananan halittun Sakkwato da na Ewekoro a kudu yana cikin manyan hujjojin da kowane ɓangare ke kawowa.

Aikin yana da tarkuna, biyu daga ciki sun isa a ambata. Na ɗaya, iri guda yakan fito da siffa biyu, domin haihuwarsu tana karɓa-karɓa tsakanin ta rabuwa da ta haɗuwa. Ɗaya tsatson yana da babban ɗakin farko da ƙaramin gida, ɗayan yana da ƙaramin ɗakin farko da ƙaton gida. Masanan farko sun ba uwa suna dabam, 'ya suna dabam, har sai da Lister ya warware zancen a 1895. Na biyu, dutse ba ya adana amana kullum. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan narkar da bango ya sake daskarar da shi, gilashi ya dushe ya yi kama da tangaran, huji su toshe. Ɗalibin da ya dogara ga launi kaɗai zai sha kunya.

Sauran magana ita ce abin da ya faru da tsarin bango bayan an fara karanta ƙwayoyin gado, watau DNA, na masu rai a shekarun 1990. Akwai wata mai suna Miliammina, wadda akwai danginta a duwatsun Nijeriya. Bangonta na liƙi ne, saboda haka littattafai suka ajiye ta tare da masu liƙi, ko da yake tana naɗa ɗakunanta kamar miliyola. Da aka duba gadonta sai aka tarar 'yar gidan miliyola ce. A 2013 Jan Pawlowski da Maria Holzmann da Jarosław Tyszka suka fito da sabon rabo. Bayan masu ɗaki ɗaya, sun raba masu ɗakuna da yawa gida biyu: masu ɗaki kamar bututu, da masu ɗaki kamar ƙwallo. Miliyola da wasu masu liƙi suna gidan bututu. Rotaliya da Textularia, waɗanda aka raba tun ƙarni na 19 saboda bangonsu, sai ga su a gidan ƙwallo tare. Ma'ana, gini da farar ƙasa ba sau ɗaya aka ƙago shi ba, dangi dabam-dabam ne suka kai gare shi kowa ta hanyarsa. Wanda ya rushe ɗakin laka ya tā da na siminti bai sake kakanni ba.

Shin d'Orbigny ne ya yi gaskiya ke nan? A ganina, rabi. Abin da gado ya goyi baya shi ne siffar ɗakin kansa da yadda ake ƙara shi, ba lissafin layi ɗaya ko layi biyu da shi ya yi ba. Kuma ban yarda da masu cewa a jefar da Loeblich da Tappan ba. Dangin fusulina ba su bar mai rai ko ɗaya da za a ɗebi gadonsa ba, shi ya sa rabon 2013 ya bar su a gefe bai ba su gida ba. Haka dubban ire-iren da ke cikin duwatsunmu: ɓawo kawai muke da shi. Har ila yau, ko da bango bai faɗi asali daidai ba, yana faɗin irin ruwan da aka zauna a ciki, kuma mai neman mai ko farar ƙasa wannan ya fi damunsa. Ni dai abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, su fara da bango domin su san inda suke, sa'an nan su dubi siffar ɗaki da ƙofa kafin su yanke hukunci a kan dangantaka.

Kayan aikin ba su da tsada. Ana bukatar laka daga gefen tudu, a busar da ita, a jiƙa ta da ruwa da ɗan soda har ta saki, a wanke a rariya mai ido 63 na ma'aunin maikiron, a busar da abin da ya saura, a baza a baƙin faranti, a riƙa tsinta da jiƙaƙƙen bakin ɗan buroshi. Farin dutse mai tauri kuwa sai an yanka shi siriri an manna a gilashi. Na zo da faranti biyu, ɗaya na lakar Dukamaje, ɗaya na dutsen Kalambaina, suna kan teburin da ke bakin ƙofa tare da madubi. Wanda yake so ya tsaya ya duba bayan an tashi, sai dai ina roƙo kada a hura faranti, domin numfashi ɗaya ya isa ya kwashe aikin mako guda.